Zanen Fuskar Dattijon Maori

Ka tambaye ni ko za ka ƙara 'yan lanƙwashe-lanƙwashe a kumatun dattijon Maorin nan da kake zanawa da tawada, tunda wurin ya yi maka fili. A'a, yarona. Ko ɗigo kada ka ƙara.

Abin da ke fuskarsa Maori na Niyu Zilan suna kiransa moko, kuma asalin mutum ne, danginsa da matsayinsa. Kan mutum kuwa a wajensu abu ne mai tsarki. A da, da ɗan ƙashi mai kaifi ake ƙwanƙwasa shi, a cusa baƙin kunkunniya, fata ta warke da kwari-kwari. Ka ɗauka wani ya zana kakan Bagobiri ya sa masa tsagar Barebari don ta fi masa kyau. Jikokin za su karɓi hoton nan?

Wani sarkin ƙabilar Ngati Toa, Te Pehi Kupe, ya je Ingila, aka zana shi a can wajen 1826. Shi da kansa ya ɗauki alƙalami ya zana mokonsa da ka, ba madubi, layi bayan layi. A yarjejeniyar Waitangi ta 1840 ma, wadda Maori suka ƙulla da Birtaniya, wasu sarakunan wani yanki na mokonsu suka zana a madadin sa hannu. Har yau abin yana raye: Nanaia Mahuta da ta zama ministar harkokin wajen Niyu Zilan a 2020 tana da nata a haɓa, inda mata ke yinsa.

To, ga aikin. Fara da fensir, ka tsayar da ƙashin fuska, hanci da muƙamuƙi, sannan ka ɗora moko, domin layukansa tudun fuska suke bi, suna lanƙwasa da ita. Wanda ya fara da zanen ya dawo neman fuska, abin rufe fuska zai fito masa, ba mutum ba. Kada ka zana gefe ɗaya ka kwafe shi a ɗayan. Dama da hagu ba lallai su zo daidai ba. Ka kuma tabbatar hoton da ke hannunka waya ba ta juya shi ba.

Inuwa ita ce inda masu koyo ke ɓata aiki. Kun saba yin ta da 'yan layuka gicciye, amma a fuska mai moko sai su cakuɗe da na ainihi, mai kallo ya rasa wanne ne na mutumin. Tsinka tawadarka da ruwa ka shafa inuwa da buroshi, ka bari ta bushe sarai, sannan ka bi moko da siririn alƙalami da tawada mai kauri. In tamu ta gida ce, rage ƙaro kaɗan, in ya yi yawa ƙyalli take yi.

Inda hoton ya dushe ba ka ganin layi, bar wurin cikin inuwa, ka tura wa mai aikin saƙo ya nemo wani hoton wajen iyalin dattijon.