Hukuncin ƙona fatar ɓera don gwajin maganin ƙuna

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen harhaɗa magunguna. Bincikena a kan lalle ne da bagaruwa, ko suna warkar da ƙuna. Mukan yi wa ɓeraye allurar barci, mu aske bayansu, mu ɗora ƙarfe mai zafi, sannan mu riƙa shafa maganin. Idan sun farfaɗo ba ma ba su maganin raɗaɗi saboda ƙarancin kuɗi. Wani ya ce min haramun ne, Allah kaɗai ke azaba da wuta.

Amsa: Bismillah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da abin ya dame ki. Gwajin magani a kan dabba halal ne idan akwai buƙata ta gaskiya.

Hadisin da mutumin ya kawo yana cikin Abu Dawud, lokacin da Annabi (SAW) ya ga an ƙone gidan tururuwa. Amma azabtarwa ya hana, ba duk taɓa fata da wuta ba. Anas ya same shi da ƙarfe a hannu yana yi wa raƙuman zakka alama, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Annabi ya kuma aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yi masa lalas. A fuska ne ya tsananta hani. Idan an halatta wannan don tsare dukiya, yaya za a haramta shi don ceton fatar yaron da tafasasshen ruwa ya zubo wa?

Inda na tsaya shi ne maganarki ta rashin ba su maganin raɗaɗi. Allurar barci takan saki ɓera cikin ɗan lokaci, ƙunar kuwa kwanaki take yi. Ɓeran da ya farka da ɗanyen ciwo aka bar shi, an azabtar da shi, kuma rashin kuɗi ba uzuri ba ne. Halatta kashe ɓera bai halatta wahalar da shi ba. Ki samu malamin da ke duba aikinki cikin ladabi: a rage yawan ɓerayen, a ƙanƙanta ƙunar, rarar kuɗin a sayi maganin raɗaɗi. Ki fi lura da rukunin ɓerayen da ba a shafa wa komai. Idan an ƙi, nemi canjin bincike.

Kuma ko sakamako ya yi kyau, kada ki ce wa mutanen gida su shafa lalle a ƙuna, fatar ɓera daban take da ta mutum. Koya musu zuba ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja da ɗanyen ƙwai, sai asibiti.

Wallahu a'alam.