Dalilin da ya sa ban aske karen nan ba

Ɗana, jiya da yamma muna cikin wanke kayan aiki ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi aske karen Jamus ɗin nan, wanda ake kira Alseshan, alhali mai shi ya taso tun daga Lekki yana roƙon a sauke masa gashin saboda zafi, amma kuma ƙaramar karyar nan mai dogon gashi, irin da ake kira Lasa, da aka kawo daga Surulere na sa mata kilifa na kwashe gashinta kaf. Ka ce a ganinka ai aski aski ne, kuma wanda ya biya kuɗinsa shi ne mai cewa a yi ko a bari. Tambayar ta yi mini daɗi, domin a kanta rabin sana'ar nan ta gyaran gashin dabbobi ya rataya, shi ya sa na zauna na rubuta maka amsar a tsanake.

Karnuka irin su Alseshan, da Eskimo ɗin da ya cika gidajen Legas, da Haski, da katon karen nan na Kokeshiya, duk riga biyu Allah ya yi musu. Akwai gashin sama mai tsawo da ɗan kauri, wanda yake tare rana da ruwa da ƙura, sannan a ƙarƙashinsa akwai wani mai laushi kamar auduga, wanda yake zubewa yana sake tsirowa. Mai kare yana ganin dabbarsa tana haki ta zaro harshe, sai ya auna ta da kansa, ya ɗauka idan an tuɓe mata rigar za ta sha iska. To, kare ba ya gumi ta fatar jiki yadda ɗan Adam yake yi. Ta hanyar hakin nan yake fitar da zafi, sai ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa. Idan ka aske shi, ba ka rage masa zafi yadda mai shi yake zato ba, ka dai cire abin da yake tsakanin fatarsa da ranar Legas, ka kuma buɗe wa sauro da ƙuda hanya. Abin da yake damun karen a gaskiya shi ne mataccen gashin ƙasa da ya taru ya toshe, ya hana iska kaiwa ga fata, kuma maganin wannan mataji ne da burushi da na'urar hura iska. Ka ga da idonka yadda muka cika leda guda da gashin jiya, karen ya tashi ya girgije kamar an sauke masa kaya, ba tare da an taɓa rigarsa ta sama ba.

Wannan darasi a hannuna na koye shi, kuma har yau yana yi mini ciwo. A shekarata ta biyu cikin aikin na aske wani farin Eskimo a Ikeja saboda mai shi ya matsa mini. Gashin ƙasa ya fi na sama saurin tsirowa, don haka da rigar ta dawo sai ta dawo a hargitse, wani wuri kamar auduga mai kama datti, wani wuri kuma fata tsirara a gadon baya, har aka kusa shekara bai koma yadda yake ba. Duk lokacin da aka kawo shi wanka sai in ji nauyin abin da hannuna ya yi masa.

Ita kuwa Lasa, gashinta dogo ne mai ci gaba da tsawo, kuma askinsa ba ya ɓata shi yadda yake ɓata na Alseshan. Amma ba don haka kaɗai na aske ta ba. Ka tuna na kama hannunka na sa yatsunka a bayan kunnenta, da hamatarta, da matsematsinta, da inda abin wuya yake zama, ka ji gashin ya cure ya zama kamar tabarma manne da fata. Gashin da ya kai wannan hali ba a tsefe shi, domin kowane ja na mataji fata yake ja, kuma dabbar da aka azabtar awa biyu a kan tebur ba za ta sake yarda da mai gyaran gashi ba. Ba a kuma jiƙa shi, saboda ruwa ƙara ɗaure curin yake yi, kuma danshin da ya shige ƙarƙashinsa ba ya bushewa. Almakashi kuwa kada ka kusance shi da curin da ya manne, ko da maigidan kare yana tsaye a kanka yana cewa ka ɗan datse kawai. Curin yana jawo fata ta shige cikinsa, ka ɗauka gashi kake yankawa, ashe nama ne. Kan kilifa mai lamba 10 ake sawa, wanda yake barin gashi kimanin milimita ɗaya da rabi, a bi ta ƙarƙashin curin a hankali, kana miƙar da fatar da ɗaya hannun. Kowane ɗan lokaci ka ɗora ƙarfen a bayan hannunka, idan ya yi maka zafi to ya ƙone dabba, sai ka canza wani ko ka jira ya huce.

Da muka ɗaga curin bayan kunnenta ka ga abin da yake ɓoye: jan wuri mai ruwa-ruwa yana wari, da kaska uku sun sha jini sun kumbura. Wannan shi ne halin garin nan. A Kano ko Katsina ka wanke kare ka sake shi a tsakar gida, iska ta busar da shi kafin la'asar, amma a Legas, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da damina take kan ganiyarta, gashin ƙasa yana iya kwana da laima, kuma laimar nan ce take haifar da ƙurji da wari da ƙaiƙayi. Saboda haka busarwa ta fi wankan kansa muhimmanci a wurinmu. Ka matse da tawul, ka hura iska har sai ka raba gashin ka taɓa fata ka ji ta bushe. Iskar kuma ta zama mai ɗumi kaɗan, domin zafin jikin kare ya riga ya kai digiri 38 zuwa 39, kuma masu gajeren hanci irin su Lasa da kyanwar Farisa ba sa jure zafi ko kaɗan. Idan an ɗauke wuta kuma janareto ya ƙi tashi, gara ka ɗaga wankan zuwa gobe.

Kyanwa kuma sha'aninta dabam ne, kada ka ɗauke ta ƙaramin kare. Fatarta siririya ce ƙwarai, kuma tana lasar jikinta kullum, don haka duk abin da ka shafa mata cikinta zai je. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, yana kuma kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka Dettol da Izal, waɗanda mutane suke zubawa a ruwan wanka da kyakkyawar niyya, guba ne gare ta. Mage mai gajeren gashi ba ta cika bukatar wanka ba, mataji sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ta, yana kuma rage gashin da take haɗiyewa ta riƙa amai da shi. Ta Farisa ce take bukatar tsefewa kullum.

Abin da za ka faɗa wa mai dabba idan ya zo ɗauka yana cikin aikinka, domin mu sau ɗaya muke ganin karen a cikin mako huɗu ko shida, sauran kwanakin kuwa yana hannun mai shi ko yaron gida. Yawancinsu burushi suke gogawa a sama, gashin ya yi sheƙi, ƙasa kuwa yana curewa. Ka nuna musu yadda ake raba gashi layi-layi har a ga fata, a tsefe daga tushe, sannan a bi da matajin ƙarfe. Inda matajin ya tsaya, akwai curi. Ka hana su wanka da Omo ko sabulun mutane, saboda yana kwashe maiƙon fata ya bar ta tana ɓarewa. Ka hana su, da kakkausar murya, zuba wa kare Sniper don kaska ko shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, domin na ga karnukan da aka kawo suna dalalar da miyau suna rawar jiki a sanadin haka. Ka kuma gaya musu cewa kaskar kare a tsagar bango da ɗakin kwanansa take ɓuya, macen tana zuba dubban ƙwai, don haka wanda ya wanke kare bai gyara makwancinsa ba zai sake ganinta cikin ɗan lokaci.

Ka san iyakar sana'arka kuma. Idan ka ga dasashin kare ya yi fari, ko kunnensa yana fitar da ruwa mai wari, ko gashi yana zubewa a kewaye kamar kwabo, ko ƙurji mai ɗan rami a tsakiya wanda tsutsar ƙuda take ciki, ka ajiye mataji ka tura su wurin likitan dabbobi. Kafin ka ɗora sabon kare a tebur kuma ka nemi katin allurar rigakafin haukan kare, ko da mai shi zai ji haushi.

Gobe da safe za a kawo Eskimo ɗin nan na Agege, kai za ka yi shi daga farko har ƙarshe, ni ina gefe. Kafin ka buɗe famfo, ka fara bin bayan kunnuwansa da hamatarsa da yatsunka, ka faɗa mini abin da ka ji.