Amsa: Ƙanina ya daina fita shago, lalaci ne?

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki da ke riga kowa buɗe shago a Tsohuwar Kasuwa yanzu ya kwana ya wuni a ɗaki, ko furar da yake so sai ta yi tsami a ƙwarya bai taɓa ba. Ni dai ban ga lalaci a nan ba. Malalaci yana jin daɗin zamansa, ya ci ya sha ya yi hira. Wannan kuwa daɗin komai ne ya fita daga ransa.

Masana halayyar ɗan'adam suna duba tsawon lokaci. Idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 kusan kullum, ga barci da cin abinci sun rikice, suna zargin ciwon damuwa. Kuma yana da magani.

Don Allah a daina yi masa gori, yana ƙara nauyi ne kawai. A ci gaba da addu'a, amma ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo da ke birnin Sakkwato. Idan ya fara zancen gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai, ku tafi a ranar.