Rage Nauyin Tsohuwar Mota Domin Tsere

Tambaya: Malam, ina gyara tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina domin tseren miƙaƙƙiyar hanya. Ta ina zan fara rage mata nauyi? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, irin wannan tseren mita 402 ne kacal, kuma masu harkar a Amurka suna ƙiyasta cewa duk kilo 45 da aka sauke yana rage lokacin kammala tseren da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ka fara da abin da sufana za ta kwance: kujerun baya, safaya, jak, kafet da na'urar sanyaya mota, ko da yake a zafin Sakkwato sai ka yi kewarta. Kada ka cika tanki, domin kowace litar fetur ta kai kusan giram 750.

A ganina kuɗinka ya fi amfani a kan rim na alminiyam marar nauyi, saboda nauyin da ke juyawa ya fi wahalar da inji. Tun da ƙafafun baya ne ke tura 504, ka mayar da batir cikin but, ka ɗaure shi tamau, domin tayoyin su ƙara kama kwalta. Amma kada ka bari mai walda ya yanke ƙashin motar ko ya taɓa birki.