Malami ɗaya zai iya ɗaukar lissafi da tattalin arziki?

TAMBAYA: Ɗana yana SS2, lissafi da ilimin tattalin arziki suna ba shi wahala. An kawo mana wani malamin lesin da ya ce zai ɗauki duka biyun. Me zan duba kafin mu daidaita? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, haɗa biyun ba laifi ba ne, don sau da yawa ciwon guda ne: yaron da ke faɗuwa tattalin arziki, kashi cikin ɗari da zanen giraf ne suka kayar da shi tun a lissafi.

Ki fara da takardu. NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Mai digirin tattalin arziki zalla bai koyi dabarun koyarwa ba sai in ya ƙara da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri. Rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ƙari ce mai kyau. Ki kuma tambaye shi azuzuwan da ya taɓa riƙewa, don wanda ya saba da ɗaliban jami'a yakan yi wa ɗan sakandare gudu.

Amma takarda ba ta koyarwa. Ki zauna a darasin farko. Malamin kirki ba ya buɗe babi na ɗaya. Gwaji yake fara yi da tambayoyin JSS3 kamar goma, ya ga inda ginin ya tsage. Misali: kwanon shinkafa ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,500, kwanonin da ake saye suka sauko daga 100 zuwa 80. Farashi ya ƙaru da kashi 25, buƙata ta ragu da kashi 20, a raba 20 da 25 a samu 0.8, ƙasa da 1 ke nan, wato masu saye ba su ja da baya sosai ba. Yara da yawa sukan raba ƙarin naira 500 ɗin da sabon farashin, su samu kashi 20, amsa ta fito 1, bayanin duka ya rushe. Idan malamin ya rubuta amsar daidai kawai ya wuce, bai yi aiki ba. Ya kamata ya sa yaron ya faɗi da bakinsa dalilin da ake rabawa da tsohon farashi.

Ki lura da wanda alƙalami ke hannunsa. In malam ne ke ta rubutu yaro na gyaɗa kai, kuɗinki kike zubarwa.

Sau uku a mako, awa ɗaya da rabi, ya wadatar. WAEC tana ba da maki kan matakan aiki, don haka malamin ya hana yaron tsallake layi. JAMB kuwa tambaya 40 ce a kowane darasin nan, sauri take so, sai a ware mata ranar atisaye da agogo tun daga SS3.