Tambaya da Amsa: Cin ƙasa, tsotson yatsa da ƙwayar carbi a hanci

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 2 da rabi, ya koyi kankare bangon ɗaki da farce yana lashe garin. Na yi faɗa, na yi duka, da na juya baya sai ya koma. Kakarsa ta ce kwaɗayi ne.
*Wata uwa, Shari'a Mansur, Makka*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron da bai kai shekara 2 ba, duk abin da ya ɗauka baki yake kai shi, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma wanda ya wuce nan, ya kuma shafe wata guda yana neman ƙasa takanas, abin da ake fara zargi shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba. In ta yi fari maimakon ja, alama ce, sai dai ido kaɗai ba ya yanke hukunci. A kai shi a auna jini, ki roƙi a haɗa da awon feritin, domin shi ke nuna ƙarfen da jiki ya ajiye.

Sai ki dubi kofinsa. Yaron da ke karya kumallo da shayi da burodin tamis, ya yini yana zuƙar madara, cikinsa a cike yake amma jininsa bai samu komai ba. Shayi yana hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, madarar shanu kuwa ba ta da shi sosai, ga ta da kashe yunwa. Kada madara ta wuce rabin lita a rana, shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, in ma ba a daina ba shi ba. A ba shi jan nama, wake da danginsa irin su adas da ful, a haɗa da tumatir ko lemo. In likita ya rubuta maganin ƙarin jini, kashinsa zai yi baƙi, kada ki tsorata ki tsayar. Kwalbar dai a ɗaga ta sama, yaro in ya shanye ta guba ce.

Bangon ma abin dubawa ne. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ita kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa, don haka ki gaya wa likita abin da yake ci. Ki jawo kabad ki tare wurin. Duka ba ya ƙara jini, ɓoyewa kawai zai koya.

'Yata shekara 3, ba ta barci sai da babban yatsa a baki. An ce in shafa mata barkono.
*Wata uwa, Jidda*

Kul, 'yar'uwa, hannun nan ido zai koma. Yawancin yara suna bari da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4. Matsalar sai in ta kai wajen 6, lokacin famfara, a nan ne haƙoran gaba ke turowa waje. Yanzu dai in barci ya ɗauke ta ki zare yatsan a hankali.

Ƙaramin ɗana ya tura ƙwayar carbi a hanci, sai a asibiti aka ciro ta. In ya sake, me za mu yi a gida?
*Wani uba, Madina*

Alhaji, a nisanci tsinke, ashana da audugar kunne, ƙwaya mai santsi ciki suke ƙara tura ta. A zaunar da shi, mahaifiyarsa ta danne ƙofar hancin da ba komai a ciki, ta rufe bakinsa ruf da nata, ta hura iska sau ɗaya, gajere da ƙarfi. Sau da yawa sai ka ga ƙwayar ta faɗo. In an gwada sau biyu ba ta fito ba, sai asibiti. Majina mai wari daga ƙofar hanci guda ma, a zargi akwai abin da ya kwana a ciki.

Abin da ba a gwada wa dabara shi ne ƙaramin batir mai kamar maɓalli, irin na carbin lantarki da ake saƙalawa a yatsa, wanda ya cika shagunan tsaraba. Cikin 'yan awoyi yake ƙona naman hanci. Kada a ɗiga ruwa ko magani, a wuce sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne. In haɗiye shi ya yi, a kira motar agaji a 997 (lambar Saudiyya).