Farfaɗiya da raguwar sha'awa: laifin ciwon ne ko na maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekaruna 32. Farfaɗiya ta fara mini ina ɗan shekara 15, daidai lokacin da muryata ta buɗe, shi ya sa tsofaffin gidanmu suka ce balaga ce ta tayar da ita. Tun lokacin nake shan fenobabiton, kuma alhamdulillahi rabona da faɗuwa ya fi shekara uku. Sai dai sha'awata ta yi ƙasa sosai, har maiɗakina ta fara zargin ko wata nake nema a waje. Mai kemis ɗin kasuwarmu ya ce in ajiye maganin ya yi mini allurar ƙarfin maza. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada ka ajiye fenobabiton ko da na kwana ɗaya. Jikin da ya shekara 17 yana shan sa, in aka yanke masa farat ɗaya, faɗuwa na iya dawowa a jere babu farfaɗowa a tsakani, irin wadda ke kai mutum lahira.

Tsofaffin gidanku ba su yi nisa da gaskiya ba, ko da yake balaga ba ita ce tushen ciwon ba. Akwai nau'in farfaɗiya da ke fara bayyana tsakanin shekara 12 zuwa 18. Yaro ya tashi da safe, hannu ya zabura, kofin kunu ya suɓuce, a yi masa faɗan rashin natsuwa, sai bayan watanni ya faɗi gaba ɗaya.

Sinadarin da ke buɗe murya ya fito da gemu sunansa testosteron, 'ya'yan maraina ke yin sa. Idan ya shiga ƙwaƙwalwa ba ya zama yadda ya zo. Wani kaso jiki kan juya shi ya zama estiradiyol, sinadarin da aka fi sani da na mata, wanda ke zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya sa wutarsu saurin kamawa. Wani kason kuma ya bi wata hanya ya zama androstanidiyol, shi kuwa ƙarfafa birkin ƙwaƙwalwa yake yi, wato sinadarin GABA. Abu ɗaya ke nan ya haifi mai hura wuta da mai yayyafa mata ruwa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna wannan ƙarara. Don haka duk wanda ya ce maka ƙarin testosteron zai yi maka daɗi kawai, bai san inda allurar za ta karkata a cikin kanka ba.

Damuwarka kuwa, na fi zargin hanta. Fenobabiton, da fenitoyin, da kabamazefin da aka fi sani da Tegretol, duk suna sa hanta ta ƙara himma. Cikin abin da take ƙara yi akwai wani furotin da ke kama testosteron a jini ya ɗaure shi. Kwatanta da buhunan geronka da aka kulle a rumbu, makulli na hannun wani: hatsi na nan, amma tukunya ba ta gani. Shi ya sa ake iya auna jinin mutum a ce adadin ya cika, alhali wanda ba a ɗaure ba, mai yin aikin, kaɗan ne. Abin kan taru ne a hankali cikin shekaru. Shi kansa ciwon yana da nasa hannu, musamman idan daga gefen ƙwaƙwalwa wajen kunne yake tasowa, domin yankin na da alaƙa da cibiyar da ke ba maraina umarni. Fargaba ma, da zargin da ake yi maka a ɗaki, sun isa su kashe sha'awa.

Allurar mai kemis tana da wata illa da ba a faɗa: testosteron na waje yana sa maraina su rage yin maniyyi mai rai, ga mai neman haihuwa kuwa wannan asara ce. Tiramol da samari ke sha don jinkirta kawowa lokacin saduwa ya fi ta haɗari, domin yana kayar da wanda ma bai taɓa farfaɗiya ba.

Ka nemi likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ka tafi da kwalin maganinka. Da sassafe ake ɗibar jinin awon testosteron, lokacin da sinadarin ya fi yawa. Akwai magungunan da ba sa tunzura hanta haka, kamar lamotirijin da lebetirasitam, sai dai sun fi tsada, kuma sauyin a hankali ake yin sa cikin makonni ko watanni. In da hali ka tafi da maiɗakin naka, ta ji bayanin hantar nan daga bakin likita da kunnenta.